Bujin tsohuwar Hilux: in canza da kaina, kuma me ke kashe shi da wuri?

"Salamu alaikum maigida, Allah ya ƙara basira. Ina da tsohuwar Hilux ta esansi mai injin 22R, da ita nake jigilar kaya tsakanin Damagaram da kasuwannin Matamaye da Magarya. Kwanakin nan da safe sai an sha fama kafin ta tashi, in ta tashi tana rawa a ralanti, wato in tana kunne ban taka mai ba, shan mai ya ƙaru, in na ɗauko kaya na taka sai ta riƙa yankewa. Kafin damina na sa an canza mani buji huɗu, ta yi lafiya ƴan makonni sannan ta koma gidan jiya. Mai shago ya ce in sayi iridium in huta. Shin zan iya canzawa da kaina a gida? Wane iri zan saya? Kuma me ke kashe su da wuri haka?"

Wa alaikumus salam ƙanena, amin summa amin. Tambaya uku ka jero amma ni ta ƙarshen ce ta fi tsaya mani a rai. Canza buji da kanka, e za ka iya, aiki ne da bai kai awa ɗaya ba ga mai haƙuri. Wane iri za ka saya, shi ma lamba ce kawai zan ba ka ka tafi da ita shago. Amma sabon buji da ya mutu cikin ƴan makonni, to ba tsufa ne ya kashe shi ba, akwai wani abu cikin injin ko a gefensa da ke kashe shi, kuma in ba ka gano abin nan ba ko wane irin buji mai tsada ka ɗaura za ka sake rubuto mani kafin hunturu ya fita. Don haka zan fi daɗewa a kan yadda ake duba tsohon bujin da aka cire, don shi ne zai gaya maka inda ciwon yake, amma yawancin direbobi da an cire sai a wurga shi bayan garaji yara su ɗauka su yi wasa.

Kafin mu shiga, ga masu karatu da motarsu ta gazuwal ce, irin Hilux mai injin 2L ko 3L ko 5L, ko Land Cruiser mai 1HZ, wannan maganar ba taku ba ce. Injin gazuwal matsi ne ke kunna masa mai, bujin da ke jikinsa na ɗumama ɗaki ne kawai kafin a tayar da safe, ba ya ba da tartsatsi.

Abin da buji ke yi, da dalilin da ya sa take yankewa in ka ɗauko kaya

Batir ɗinka volt 12 ne. Bobin ce ke ɗaga shi ya haura volt 10,000, wani lokaci ya ninka haka, delko ya raba wutar, waya ta kai ta kan buji, wutar ta tsallaka ɗan tsakanin nan da bai kai milimita ɗaya ba ta kunna cakuɗen iska da esansi. In injin na juyi 3,000 a minti, kowane buji na ba da wuta sau 1,500 a minti, wato sau 25 a daƙiƙa ɗaya, tun daga tashar Zinder har Magarya ba hutu. Ƙarfen bakinsa na cinyewa a hankali, tsakanin na ƙara buɗewa, kuma duk sanda ya ƙara buɗewa sai ya nemi wuta mai ƙarfi kafin ta tsallaka.

Ga wurin da mutane ke ruɗewa. Wutar da za ta tsallaka a sarari daban, wadda za ta tsallaka cikin silinda da fistan ya matse iska daban. In ka taka mai da buhunan gero a baya, silinda na cika sosai, matsi na ƙaruwa, tartsatsin na buƙatar volt fiye da na ralanti. Wuta kuwa hanya mai sauƙi take bi, in ta samu baƙin hayaƙi ya rufe farin bujin sai ta bi ta jikinsa ta sulale ƙasa, in ta samu waya mai tsaga sai ta fita ta nan. Shi ne yankewar da kake ji. Shi ya sa gwajin nan da ake yi a garaji, a cire buji a jingina shi jikin inji a murza kontak a ga wuta na tas-tas a ce lafiyarsa ƙalau, ni ba na ɗaukarsa hujja. Ya nuna maka bobin na da rai, shi ke nan. Buji na iya ba da wuta mai kyau a iska ya shiga ciki ya kasa.

Kada ka yar da tsohon sai ka duba shi

Ka samu guntun kwali ka huda rami huɗu ka rubuta 1, 2, 3, 4. A injinka lamba 1 shi ne na gaba, wajen radiyato. Masu Peugeot 504 bashe su kula, su Faransawa daga baya suke fara ƙirga, lamba 1 nasu na wajen boyat ne, wato akwatin giya. Duk wanda ka cire ka soka shi a raminsa. In sun jeru huɗu ka fito da su haske ka kalle su tare, kuma tambayar farko da za ka yi ba wace kala ba ce, tambayar ita ce duka huɗun kamarsu ɗaya ko akwai wanda ya fita daban? In duk iri ɗaya suke, ciwon yana wurin da suka yi tarayya, karbirato, filtar iska, bobin, ko man da kake sha. In ɗaya ne ya bambanta, ciwon na wannan silindar ne ita kaɗai, wayarta, supap ɗinta, wato bawul ɗin da ke buɗe wa iska da hayaƙi hanya, ko zoben fistan ɗinta. Wannan rabon kaɗai ya isa ya hana a kwance maka karbirato a banza alhali waya ɗaya ce ta mutu.

Buji mai lafiya bakinsa a bushe yake, farin nan na tsakiya ya koma ruwan ƙasa mai haske ko toka-toka. In ka ga haka amma ƙarfen tsakiya ya zama mulmulalle, gefensa ya daina kaifi, tsakanin ya buɗe, to wannan tsufa ne na gaskiya, canza kawai.

In baƙi ne ƙirin a bushe, ka shafa da yatsa ya taso kamar baƙin gindin tukunya, esansi ya yi wa iska yawa. A garin nan wanda na fi kamawa da wannan laifin filtar iska ce. Ƙurar da motar kasuwa ke sha a hanyar laterit da rairayi, balle in hunturu ya shigo, takan toshe filta cikin lokacin da littafin kamfani bai taɓa tunaninsa ba, iska ta kasa wucewa, injin ya riƙa zuƙo mai. Ka cire ta ka ɗaga wa rana, in haske ba ya ratsa ta aikinta ya ƙare. Sai cok, farantin da ke rage iska don injin ya tashi da sanyi, in ya maƙale bai buɗe duka ba bayan injin ya yi zafi, ka cire murfin filta ka leƙa bakin karbirato, farantin nan na sama ya kamata ya tsaya a miƙe in injin ya ɗumama. Sai fulot, abin da ke yawo a kan mai cikin karbirato, da allurarsa in sun daina tsayar da mai, karbirato ta riƙa ambaliya. Yawancin karbiraton Aisan da ke zuwa da injin nan na da ɗan gilashi a gefe, man ya kamata ya tsaya a tsakiyarsa. Akwai kuma ɗabi'a, barin mota a kunne a tasha ana jiran fasinja ko ana lodi. Bakin buji sai ya kai zafin wajen digiri 450 zuwa 500 kafin ya fara ƙone dattin da ke kansa da kansa, a ralanti ba ya kaiwa can, datti sai taruwa.

In baƙi ne amma jiƙe da maiƙo, ka shinshina ka ji ba warin esansi ba ne, baƙin mai ne ke shiga ɗakin wuta. Nan sai ka lura da hayaƙin salansa. Shuɗin hayaƙi da safe da an tayar, bayan ɗan lokaci ya ɗauke, galibi robobin supap ne suka bushe, mai na tsiyaya cikin dare. Shuɗin hayaƙi da ba ya ɗaukewa, yana ƙaruwa in ka taka, kuma kana ƙara litar baƙin mai tsakanin bidanj da bidanj, wato daga wannan canjin baƙin mai zuwa na gaba, wannan zoben fistan ne, sigma, aikin buɗe inji. In jiƙon na esansi ne zalla kuma a buji ɗaya, wannan silindar ba ta samun wuta ko kaɗan, nemi wayarta.

In fari ne fat, ko ka ga farin ya yi ƙuraje, ko ƙarfen ya fara narkewa, wannan ya fi baƙin haɗari, duk da direbobi sun fi son ganinsa don ya yi kama da tsabta. Zafi ne ya yi yawa. Ko mai ya yi kaɗan, ko iska na shiga ta wata tiyon roba da ta tsage bayan karbirato, ko an murɗa delko gaba da yawa don mota ta yi saurin ɗauka, ko an sa bujin da ya fi ƙarfin injin zafi. In bakin buji ya haura digiri 800 yakan kunna mai tun kafin tartsatsi ya zo, kuma irin wannan ne ke huda kan fistan. Na buɗe injuna da ramin da yatsa zai shiga a tsakiyar fistan, kuma duk sanda na nemi bujin wannan silindar sai in same shi fari, bakinsa a narke.

Akwai kuma wanda za ka ga ya fita tas shi kaɗai kamar an wanke shi, sauran uku da ɗan dattinsu na al'ada. Kada ka yi murna. Ruwan radiyato ne ke shiga, tururi na wanke shi, jwan kulas, wato gasket ɗin da ke tsakanin gangar inji da kulas, murfin kan injin, ta fara tafiya. Ka duba ko ruwa na raguwa ba tare da ka ga inda yake zuba ba.

Sai ja-ja ko kalar tsatsa a kan farin, ko wani ɓawo da ya daskare, wannan yawanci daga mai ne. Ban ce duk man ƴan ruwa-ruwa gurɓatacce ne ba, kowa ya sha shi a hanya in ya ƙare masa, amma man da ya kwana cikin jarka da tano, aka juye daga wannan zuwa wancan, ya sha rana a kwalba, wani ma an ɗan ƙara masa kalanzir, ba zai ƙone kamar na famfo ba. Tun 2011 matatar SORAZ na nan kan hanyar Tanut, man gidan mai bai yi maka nisa ba. Ka cika tanki a gari kafin ka fita, na kwalba ya zama na lalura.

Yadda ka kwatanta taka, wahalar tashi, rawa, shan mai, ta warke da sabon buji sannan ta koma, zuciyata ta fi karkata ga baƙin nan busasshe a duka huɗun, wato filta ko cok ko fulot, wataƙila da tsofaffin wayoyi a kai. Sabon buji ya ɓoye ciwon ne na ɗan lokaci har ya yi datti shi ma. Amma kwalin ne zai raba gardama.

Wanda za ka saya

Na 22R shi ne NGK BPR5EY, ko Denso W16EXR-U, tsakanin bakinsa milimita 0.8. Ka rubuta a takarda, kada ka tafi da tsohon kawai ka ce a ba ka irinsa, don ba ka da tabbacin wanda aka sa maka kafin damina daidai ne. In kapo ɗinka na asali ne ka duba cikinsa, wani lokaci takardar kamfani na nan manne da lambar. In kuma saƙo za ka ba a sayo maka daga Ƙofar Ruwa a Kano, ka ce fulogi, kuma ka tura lambar.

Lambar nan 5 ita ce ma'aunin zafinsa. A NGK in lamba ta hau buji ya fi sanyi, 6 ya fi 5 sanyi. Denso ma haka, 16 ɗinsu shi ne 5 na NGK, 20 shi ne 6. Bosch kuwa a juye take, babbar lamba ita ce mai zafi, don haka kada ka ɗauki lamba daga wannan kamfani ka nema a wancan. Mai sanyi da yawa zai riƙa yin baƙi a cikin gari, mai zafi da yawa zai ƙone maka fistan a doguwar hanya. Wasu makanikai in inji ya fara shan baƙin mai sukan sa wanda ya fi zafi da mataki ɗaya don ya riƙa ƙone man. Yana ɗan yi, ga motar da ke yawo cikin gari daga Zango zuwa Birni. Amma motar da za ta ɗauki lodi ta kama hanya a watan Afrilu rana ta haura digiri 40, ni ba zan sa mata ba.

Tsawon zaren ma abin dubawa ne. Naka milimita 14 ne kauri, 19 tsawo. In an ba ka gajere, tartsatsin zai ɓuya cikin rami, sauran zaren kulas ya cika da datti, ranar da za ka sa na daidai ya ƙi shiga. In an ba ka wanda ya fi tsawo zai leƙa cikin ɗaki, datti ya daskare a bakinsa ya ƙi fita, ko fistan ya taɓa shi. Ka jera sabo da tsoho ka gwada tsawonsu tun a gaban mai shago.

Maganar iridium, mai shago bai yi ƙarya ba cewa yana daɗewa, na gaske kan kai kilomita 100,000 a injin da ke ƙone mai tsaf, alhali irin na yau da kullum 20,000 zuwa 30,000 ne. Sai dai abin da iridium ya fi na yau da kullum da shi ƙarfen baki ne da ba ya cinyewa da wuri. Kai kuwa naka ba cinyewa suke ba, datti ke rufe su, kuma baƙin hayaƙi bai san tsada ba, yadda zai rufe na araha haka zai rufe iridium. Ƙari a kan haka, mai tsadar shi ne ƴan jabu suka fi bugawa, don nan ribar take. Kuɗin iridium huɗu ka raba shi, buji na yau da kullum na gaske, sabuwar filta, saitin wayoyi, za ka fi ganin amfani.

Jabu kam ya cika kasuwa, har kwalin sai ka rantse. Abin da nake dubawa, rubutun jikin farin ya zama tsaf ba ya gogewa da farce, zaren ya zama sumul ba ƙaiƙayi, wandar nan, wato ɗan zoben ƙarfen da ke gindin zare, kada ta zare ta faɗo da sauƙi, ƙarfen gefe ya tsaya daidai saman na tsakiya ba a karkace ba, kuma huɗun su zama kamarsu ɗaya sak. Farashin da ya yi ƙasa da na kowa ma alama ce. Ka sayi wurin wanda in abu ya lalace za ka iya komawa ka same shi.

Aikin kansa

Da safe za ka yi shi, injin ya kwana ya huce. Gangar 22R baƙin ƙarfe ce amma kulas ɗin alminiyam ne, shi kuwa in yana da zafi yakan kama buji, ka matsa masa ya biyo da zarensa. Kuma bujin suna gefe ɗaya da ƙarfen salansa, hannunka ma zai gode maka. Kayan aiki kaɗan ne, duyin buji mai lamba 21 wanda ke da roba a ciki, ɗan ralonj, hannun kile, kal na auna tsakani, da guntun tiyon roba kamar tsawon tafin hannu wanda kan buji zai shiga ya kama.

Abu na farko a ƙasar nan shi ne yashi. Gindin kowane buji akwai ɗan kwari da ƙura da rairayi ke taruwa, da ka zare bujin duk su gangara cikin silinda, su kuwa su ne ke cin zobe da bangon silinda. Tun jiya da yamma ka biya wajen mai facin taya ya busa maka wurin da iska, ko ka yi da famfon keke da buroshi. Bayan ka sassauta buji zagaye ɗaya ka sake busawa, don akwai wanda ke sakin jiki sai an motsa.

Ɗaya bayan ɗaya za ka yi, kada ka cire wayoyi huɗu a tare. Ka kama robar kan wayar ka murɗa ta hagu da dama har ta saki sannan ka ja, kada ka ja wayar kanta, cikinta zaren gawayi ne yana tsinkewa ba ka gani daga waje. In ma sun ruɗe maka, jerin wutar injinka 1-3-4-2 ne.

Duyi ya zauna a miƙe, in ya karkata farin bujin zai fashe. In ka ja ka ji ya ƙi, ko ya fara juyi sannan ya yi tauri, tsaya. Kada ka ƙara bututu a hannun kile. Ka fesa man sassauta tsatsa a gindinsa, ka ba shi lokaci, ka mayar da shi ciki kaɗan, ka sake fito da shi kaɗan, gaba da baya, haka har ya saki. In ya fito ka duba zarensa, in ka ga farin ƙarfe ya nannaɗe a jiki to zaren kulas ne ya biyo shi, kada ka tura sabo a haka.

Kafin ka sa sabon ka auna shi. Mutane na cewa ai daga kamfani a saite yake, to amma kwalin nan ya sha faɗuwa daga jirgi zuwa tirela zuwa shago. Ganyen kal na 0.8 ya shiga da ɗan kamu, ba sako-sako ba. In gyara za ka yi, ƙarfen gefe kawai ake lanƙwasawa a hankali, ba a dogara komai a kan na tsakiya, kuma ba a buga shi a kan dutse yadda ake yi a bakin hanya.

Yanzu wurin da ake ɓarna. Sabon buji da hannu ake fara sa shi, ba da kile ba. Ka cusa kansa cikin tiyon nan, ka saita shi a rami, ka murza da yatsu. In ya hau zare daidai zai tafi sumul har ƙasa. In ya hau a karkace tiyon zai zame ya kasa juya shi, wannan shi ne amfaninsa, sai ka fito da shi ka sake. Da kile ba za ka ji komai ba, alminiyam taushi gare shi, sai ka gama ka ga ka yanka sabon zare a kan tsoho. Kada ka shafa masa baƙin mai ko girisi, zaren NGK da Denso na zuwa da rufinsa, maiƙo na sa ka ɗaure fiye da kima ba ka sani ba.

In wandar ta taɓa kulas sai ka ɗauko kile. Mai kile na awo ya sa 18 Nm, shi ne abin da littafin injin ya ce. Maras shi ya ƙara kamar rabin zagaye ga sabon buji, za ka ji wandar na matsewa sannan ta tsaya, to nan ne. In tsohon buji ne kake mayarwa wandarsa ta riga ta kwanta, ɗan taɓi kawai, bai kai kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ba. Yaran garaji na son su ɗora ƙarfinsu duka don kada a ce bai ɗauru ba, ni kan tsaya a kansu a wannan wurin fiye da ko'ina. Sako-sako ma ba kyau, don ta wandar nan zafi ke fita zuwa kulas, buji maras ɗauri yakan yi zafi fiye da kima. Sannan ka mayar da waya ka danna har ka ji ta kama.

In zare ya riga ya lalace ba ƙarshen kulas ba ne, ana sa masa sabon zare na ƙarfe, helikoyil mai awo M14 da 1.25. Wannan ba aikin gida ba ne. Wasu na yi kulas na kan mota, su cika tarod, ƙarfen yanka zare, da girisi ya kama ɓarɓashin, ni na fi son a sauke shi in mai mota zai iya.

Wayoyi da kan delko

Tunda hannunka na wurin, buɗe murfin delko. Ka duba tsaga, ka duba siririn baƙin layi kamar an ja da fensir daga wannan ƙarfe zuwa wancan, hanyar da wuta ta saba bi ke nan, murfin ya mutu. Ɗan gawayin tsakiya ya zama yana nan kuma yana motsi in ka danna, bakin rotor kada ya zama a ƙone. Wayoyi kuma in kana da mita, kowace kada ta wuce kilo-om 25. In ba mita, ka tayar da ita da dare wuri mai duhu ka ɗaga kapo, waya mai yoyo za ka ga shuɗin tartsatsi na tsalle a jikinta, wani lokaci har ka ji ƙarar. Kallo kawai, ban da taɓawa, kuma ka nisanci fanka da babbar riga. Ɗan zoben ruwan ƙasa da kan fito a farin buji ta waje daidai inda ya haɗu da ƙarfe, wannan ba yoyo ba ne, kada a sa ka canza saboda shi.

Tunda yawancin motocin nan agogon kilomitansu ya daɗe da tsayawa, ka ɗaure duba buji da bidanj, duk bidanj biyu ka cire ka gani, filta kuwa a lokacin ƙura duk mako ka kakkaɓe ta.

Inda maganata ta tsaya

Ban ga motar ba, ban ji kukanta ba, kuma akwai abubuwan da ke kawo irin alamun nan da buji ba zai nuna su ƙarara ba. In ka sa sababbi, filta sabuwa, cok na buɗewa, wayoyi lafiya, amma har yanzu tana rawa a ralanti, abu biyu suka rage a duba kafin a taɓa karbirato. Na farko saitin supap, a 22R milimita 0.20 ne na shiga, 0.30 na fita, ana aunawa injin na da zafi. Supap ɗin fita da ya matse yakan sa rawa iri ɗaya da ta mataccen buji, in an bar shi kuma ya ƙone. Na biyu awon matsi. Ka nemi garajin da ke da agogon kompireshon, a cire buji duka, a taka mai har ƙasa, a auna kowace silinda. Mai lafiya na ba da wajen kilo 12, kuma bambancin wannan da waccan kada ya wuce kilo 1. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin buji a sake aunawa. In allura ta tashi, zobe ne. In ba ta motsa ba, supap ne ko jwan kulas, in kuma biyu maƙwabta ne suka faɗi tare, jwan ce ta ƙone a tsakaninsu. In awo ya nuna zobe, kana iya lallaɓa ta da buji na araha kana cirewa kana gogewa har ka haɗa kuɗin buɗe inji bayan kaka, amma ka riƙa duba sandar baƙin mai kullum kafin ka fita.